Kafin ka zargi kamfanin intanet, duba inda ka ajiye rautar gidanka

Kwanakin baya wani Alhaji ya kira ni gidansa a Gwarimpa, ransa a ɓace. Wata biyu ke nan da aka ja masa igiyar faiba, yana biyan kuɗin megabit 200, amma da ya hau bene ko kiran bidiyo na WhatsApp ba ya ɗorewa. "Malam, cutata kawai suke yi," in ji shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini rautar tukuna," wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Sai ga ta cikin durowar katako a ƙarƙashin talabijin, an rufe ta ruf, ga dikoda a kanta, ta yi zafi zau. Hajiya ce ta tura ta can, don wayoyin suna ɓata mata falo. Muka ja kebul ɗin intanet na Cat6 muka ɗora ta a kan kanta kusa da matakala. Ko sisi bai kashe kan sabuwar na'ura ba, sabis ya kai har ɗakin yara.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Masu jan faiba sukan ajiye akwatinsu inda igiyar ta shigo, wato kusurwar falo ko bayan taga, sai mai gida ya ɗauka nan ne mazauninta har abada. Alhali gidajenmu na Abuja bulo ne da siminti, ga dakin na kankare da rodi a tsakanin ƙasa da sama. Kowane bango yana cin rabonsa na sigina. Ƙarfe, babban madubi, firji da tankin ruwa sun fi bango ma ɓarna. Rauta tana son tsakiyar gida, a sarari, a sama da kan mutum in yana zaune. In gidan bene ne mai faɗi, guda ɗaya ba za ta iya ba, komai yawan eriyarta. A nan sai mutane su ruga su sayo ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake cusawa a soket, su kuma saka ta a ɗakin da babu sabis. To me za ta ƙara, tunda ita ma ba ta samu ba? Wurinta tsakanin rauta da ɗakin ne, kuma masu arha sukan raba gudun biyu. Ni dai na fi son a ja kebul zuwa sama a ɗora rauta ta biyu, ko a sayi irin tagwayen nan da ake kira mesh.

Sai wajen saye. Mutum ya shiga Banex a Wuse 2, ya ga kwali an rubuta AC1200, ya ɗauka megabit 1200 zai samu. Lissafin haɗaka ne na zanguna biyu da rauta ke watsa sigina a kansu: 300 a zangon 2.4GHz, 867 a zangon 5GHz, kuma wayarka ɗaya take hawa a lokaci guda. Abin da ya kamata ka juya kwalin ka nema shi ne ramukan kebul. In an rubuta 10/100, to ko nawa kake biya, ba za ka wuce megabit 100 ba, domin ƙofar da intanet yake shigowa ke nan. Nemi wadda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000. Wi-Fi 5, wato irin mai alamar AC, ta wadatar da yawancin gidaje. Wi-Fi 6 tana nuna amfaninta ne inda wayoyi da kwamfutoci suka yi yawa. Wadda aka rubuta N300 (sunan tsohon samfuri ne, ba farashi ba), bar ta a shago in layinka mai gudu ne.

A nan ma a kula, megabit daban, megabait daban. Bit 8 ke yin bait 1. Wanda yake da megabit 100 zai ga fayil yana sauka da megabait 12 da ɗoriya a daƙiƙa, kuma daidai ke nan, ba a cuce shi ba.

Zangunan nan biyu kowanne da halinsa. Na 2.4 yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma a rukunin gidaje irin na Kubwa ko Lugbe, inda za ka buɗe waya ka ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta rututu, cunkushe yake kamar hanyar Nyanya da safe. Na 5 ya fi gudu, sai dai ba ya jure bango. Talabijin da kwamfutar da ke kusa su hau 5, ɗakin nesa ya zauna a 2.4. In ka shiga saiti, sa tashar 2.4 a kan 1, 6 ko 11, su ne ba sa taka juna.

Wanda ya sayo tasa rautar ya haɗa da akwatin kamfani, kebul ɗin da ya fito daga akwatin, ramin da aka rubuta WAN zai shiga, wanda galibi launinsa daban yake. Tunda akwatin ma yakan raba Wi-Fi, a kashe nasa, a mai da sabuwar kan tsarin Access Point, wato raba Wi-Fi kawai, kada su zama sarki biyu a gari ɗaya. Kuma don Allah a bar tsira allura a ramin Reset duk lokacin da sabis ya tsaya. Yana goge komai, har sunan shiga da lambar sirrin PPPoE, wato na haɗuwa da layin kamfani, da suka saka, sai ka zauna jiran ma'aikacinsu. Cire wuta na rabin minti ka mayar, ya isa. In ka ga jar fitila a inda aka rubuta LOS a akwatin faiba, haske ne ba ya isowa ta igiyar, sai a kira su. Igiyar nan gilashi ce siririya kamar gashi. Lanƙwasa ta a bayan kujera ko matse ta da ƙofa yana karya ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsaro. Kalmar sirri biyu ce, ba ɗaya ba: ta hawa Wi-Fi, da ta shiga saitin na'urar kanta, ta adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko wanda aka rubuta a ƙasanta. Gidaje da yawa ta biyun tana nan admin da admin yadda ta zo daga masana'anta. Duk wanda ka taɓa ba Wi-Fi zai iya shiga ya juya maka gida, ga kyamarorin tsaro da wayar da kake harkar banki duk a layin. Canza ta tun ranar farko. A wajen kulle Wi-Fi zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar hawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba, kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka. Baƙi da mai gadi a buɗe musu layin baƙi, yawancin rautoci suna da shi.

Wuta kuma, kowa ya san halin da ake ciki. Ɗaukewa da kawowa da juyawa zuwa janareta suna kashe caja kafin su kashe rauta. In cajar ta ƙone, kada a ɗauko kowace don kawai bakinta ya shiga. A karanta abin da aka rubuta, yawanci 12V ne, amfiya kuma kada ta gaza ta asali. Ƙaramin UPS na rauta, wato batirin ajiyar wuta, yana riƙe ta da akwatin faiba na wasu awoyi. Da damina, in hadari ya haɗo ana tsawa, faiba ba ta ɗaukar wuta, amma soket yana ɗauka, don haka a zare filogi har ruwa ya tsagaita.