Abu Guda Za Ka Ɗauka Zuwa Daji? Kurakuran Da Na Gaji Da Gani

A wasu wurare wannan tambaya hirar majalisa ce, a yi ta a tashi. A nan Zamfara kuwa kowa ya san mutanen da aka tasa cikin tsakar dare, suka faɗa daji da abin da hannunsu ya fara taɓawa. Kowa ya san ɗan kabu-kabun da babur ya mace masa tsakanin ƙauye da ƙauye, da yaron da ya bi sawun ɓatacciyar saniya har ya rasa gabas da yamma. Sana'ata sayen zuma da man kaɗe a ƙauyukan wajen Gummi da Bukkuyum, kuma na taso ina bin mafarauta. Duk sa'ad da na tambayi samari wane abu guda za su ɗauka in daji ya kama, amsar ba ta wuce uku: wuƙa, waya, bindiga. Na ji ta har na gaji.

Tun farko a fahimce ni. Dazuzzuka irin su Kuyambana da Sububu babu wani kayan da zai tsare ka a cikinsu a halin da ake ciki, kuma ba ina koya wa kowa shiga can ba ne. Maganata da wanda daji ya riska ne, da kuma wanda neman abinci ke fitar da shi bayan gari.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne zaɓen wuƙa. Ban san inda samarinmu suka samo wannan ra'ayi ba, sai dai ko kallon mutanen da ke yawo a dazuzzukan ƙasashen sanyi, inda kowane kwari ke da ƙorama mai gudu. Namu dajin ba haka yake ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙoramu sun ƙafe, ganye ya zube, inuwar ma sai an nema. Mai tafiya a irin wannan rana yana iya zubar da gumi lita 1 cikin awa guda. Yunwa tana ɗaukar makonni kafin ta kashe lafiyayyen mutum, ƙishirwa kuwa wajen kwana 3 ne, a bazara ma ba lalle ta jira haka ba. To me wuƙa za ta yanka maka a wannan hali? Kafin ka ji yunwar da za ta sa ka nemi nama, harshenka ya riga ya bushe, kanka ya ɗauki ciwo, tunaninka ya fara rikicewa, kuma mai rikicewar tunani shi ne ke barin hanya ya nausa cikin sabara.

Ni abin da nake ɗauka shi ne shantali na ƙarfe mai cin lita 2 zuwa 3, cike da ruwa tun daga gida. Wani zai ce gora ko jarka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, domin shantali kaɗai za ka ɗora kan wuta. Ruwan da ka fito da shi zai ƙare, wannan tabbas ne, kuma abin da za ka samu a daji na tafki ne ko na kududdufi ko wanda ka tona a rairayin busasshen rafi. Abin da ke cikinsa ba a gani da ido. In ya tafasa sosai, yana ɓulɓula har minti 1, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa sun mutu. Da wannan shantalin za ka ɗebo, ka tafasa, ka ajiye, ka yi tafiya da shi. Murfinsa yana taya ka tonon rairayi. In kana neman a ji ka, ka buga shi da dutse, ƙararsa ta fi muryar mai ƙishirwa nisa. Na sani mafarauta da yawa ba su yarda da ni ba, su adda suke zaɓa, kuma da damina, sa'ad da ruwa ke ko'ina ciyawa ta rufe hanya, ina ganin hujjarsu. Duk da haka ni ban sauya ba. Sanda za ka karya a daji, dutse mai kaifi za ka tsinta, amma ban taɓa ganin wanda ya tsinci abin tafasa ruwa a gindin marke ba.

Za a ce to wutar fa? Laita ba ta barin aljihuna, kamar yadda carbi ba ya bari, akwai kuma wata da nake ɗaure wa a mariƙin shantalin cikin 'yar leda. In ma babu, wuta ana roƙonta a ruga ko a bukkar gona. Ba kowa ne zai ba ka tukunyarsa ka tafi da ita ba.

Wannan magana ba daga sama na ɗauko ta ba. Wata bazara ɗan yayata ya dawo hutun makaranta ya nace sai ya raka ni sayen zuma. Na ce masa ya cika jarkarsa. Da muka yi nisa sai na lura jarkar na gida, abin da ya ɗauro a bayan babur ledar fiya-wata ce, a ƙugunsa kuma wata doguwar wuƙa mai kube da ya saya a kasuwa. Na yi masa magana, ya ce, "Kawu, ai ga ruwa nan, ga kuma wanga." Ledar ta yi ta gugar ƙarfen kariya a kan hanya mai gargada, rabi suka fashe, sauran suka yi zafi kamar an dafa. Sai taya ta yi faci nesa da gari. Muka raba abin da ke shantalina, na bar shi a inuwar tsamiya na tafi ruga neman taimako, na kuma ja masa kunne kada ya kusanci kududdufin da muka wuce. Kafin in dawo ya je ya kafa baki ya sha. Ruwa ne kore, sawun shanu ya dagula bakinsa, kashinsu na iyo a gefe. Daga baya amai da gudawa suka kama shi, idanunsa suka faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tattare. A amalanke aka fito da shi, aka yi ta ƙara masa ruwa a asibiti. Kuɗin zumar kakaf can suka tafi, wannan bai dame ni ba. Abin da ban manta ba shi ne tsayuwata gaban Yaya tana tambayata, "Haka na ba ka shi?" Allah Ya tashi kafaɗunsa. Wuƙar kuwa ba a ko zare ta daga kube ba.

Saboda haka ku samari, ku daina wannan ganganci. Fiya-wata ba guzurin daji ba ne. In ta ƙare ba ka da mazubi, ko ka iske rijiya sai dai ka tsaya kallo.

Kuskure na biyu na waɗanda suka ji maganar tafasawa ne suka ɗauka wuta tana gyara kowane ruwa. Mu 'yan Zamfara bai kamata a sake koya mana wannan ba. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, aka kuma same ta a Bagega. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, tafasawa ba ta kashe ta. In ruwan ya ƙone ya ragu ma, dalmar tana nan, sai ƙara yawa da take yi a ɗan abin da ya saura. Duk ramin haƙar ma'adinai da ka gani ya tara ruwa, duk kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya a cikinsa, wuce shi ko da ya fi na randa haske. Haka nan ruwan da ya kwanta a gefen gonar da aka yi wa feshi. Kuma don Allah a daina zuba ruwan sha a jarkar maganin ciyawa ko ta fetur da sunan an wanke ta. Ina ganin wannan a kasuwannin ƙauye, raina yana ɓaci, na sha yin faɗa da mutanen da ban sani ba a kansa. Roba tana riƙe guba, omo ba ya fitar da ita duka.

Ruwan da nake yarda da shi a rani shi ne na tono. Ka nemi busasshen rafi mai rairayi, ka je inda ya yi kwana, musamman wurin da ka ga bishiyoyi sun yi kore alhali na kewaye sun bushe. Ka tona har rairayin ya fara danshi, ka ci gaba, sannan ka jira ya tsatso. Na farkon yakan zo da laka, ka kwashe ka zubar. In ya taru ka tace da rawani ko gefen riga, ka bar shi ya kwanta, sannan ka ɗora a wuta. Ni ina da al'adar ajiye 'ya'yan zogale busassu a aljihu. In ka ɓare biyu ka murƙushe ka kaɗa a ruwa mai dauɗa, lakar takan taru ta sauka ƙasa. Wannan gyaran ido ne kawai, ba ya ɗauke maka tafasawa.

Akwai masu ruwa a hannu amma suna tsoron sha, suna kurɓar ɗigo-ɗigo suna ta tafiya cikin rana. An sha tsintar mutum a galabaice da sauran ruwa a gorarsa. Sha ruwanka, gumin ne za ka yi wa tattali. Yi tafiya daga asuba zuwa hantsi, ka kwanta a inuwa har la'asar sakaliya, sannan ka tashi. In fitsarinka ya yi ja ya ragu, jikinka ne ke gaya maka. Kada ka ci ƙuli-ƙuli ko kilishi in ruwa ya yi ƙaranci. Kada kuma ka yi alwala da ruwan da ranka ke rataye a kansa, malamai sun bayyana cewa mai tsoron ƙishirwa taimama zai yi, kuma matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi. In gudawa ta kama wani, a lita 1 na tafasasshen ruwa a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa har a kai shi asibiti. Shi ya sa nake ƙulla ɗan gishiri da sukari a leda.

Waya fa? Ka ɗauka, amma kada ka jingina ranka da ita. Wurare da yawa ba sabis, batir kuma zafi yana cinye shi. A Satumbar 2021 ma an rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, kowa ya ga yadda ta koma ba ta da amfani. Abin da ya fi ta shi ne ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Bindiga kuwa, a wannan zamani, duk wanda ya hango ka da ita daga nesa ba zai tsaya tambayar sunanka ba.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Silifas ba takalmin daji ba ne, kububuwa a cikin busasshen ganye take kwanciya. In maciji ya sari mutum kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya, a hana ƙafar motsi a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Da hunturu a tafi da bargo ko babban mayafi, sanyin asuba a fili ba wasa ba ne. A kashe wuta da ƙasa kafin a tashi. Kada a yi wanka a tafki don jin sanyi, ta fata tsargiya ke shiga.

Shi kansa shantalin yana da nasa gyara. Ka toshe bakinsa da guntun kara ko roba, ka ɗaure murfin da zare a jikin mariƙi don kada ya ɓace, in ba haka ba rabin ruwan a hanya zai tsiyaye. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, don haka nakan naɗe nawa da tsumman buhu in jiƙa shi kaɗan. A babur kuma gaba nake rataye shi inda idona ke kai, nesa da salansa.