Kurakuran masu biyan kuɗi domin leƙa jirgin ruwan shaƙatawa kafin su sayi tikiti

Mutumin Abuja da iyakar saninsa da tafiyar ruwa shi ne kwalekwalen tafkin Jabi yana da hujja idan ya ƙi zuba miliyoyin naira a kan jirgin da bai taɓa gani ba sai a takardar talla ta wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Wuse, domin babu mai son cinikin biri a sama. Kamfanonin jiragen sun san da wannan fargaba, shi ya sa wasunsu ke sayar da ziyarar 'yan sa'o'i a ranar da jirgi ke tsaye a tasha. A shekarar 2010 kamfanin Princess Cruises ya ɓullo da irin wannan tsari a kan dala 39, inda baƙo zai yi kimanin awa huɗu a ciki, a zagaya da shi, ya ci abincin rana, kuma a cire masa kuɗin daga farashin tafiya idan ya saya daga baya. A ganina kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma fa ga wanda ya shiga da tambayoyinsa a hannu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a ɗaura niyyar tafiya musamman domin ziyarar. Waɗannan jirage ba su da zirga-zirga ta yau da kullum daga Legas, sai dai daga tashoshi irin su Durban ta Afirka ta Kudu, Dubai, Barsalona ko Southampton ta Ingila, kuma kuɗin jirgin sama da biza sun ninka kuɗin ziyarar sau da yawa. Gyaran shi ne a haɗa ta da tafiyar da aka riga aka shirya yi, kamar ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai sarin kaya. Sannan ba a zuwa bakin tasha kwatsam a ce an zo kallo, domin tun da dokar tsaron jirage da tashoshin ruwa ta duniya ta fara aiki a 2004, sai an aika bayanan fasfo tun da wuri kafin a sa sunan mutum cikin jerin baƙi.

Inda aka fi yin sake shi ne wajen ɗakuna. Mai zagayawa da baƙi ma'aikacin talla ne, saboda haka yakan fara da ɗakin alfarma mai falo da baranda, an jera 'ya'yan itatuwa a kan tebur, an zuge labule ga teku shimfiɗe. Baƙo ya yi ta ɗaukar hoto yana aika wa uwargida, alhali tikitin da aljihunsa zai iya ɗauka na ɗakin ciki ne, wanda ba shi da ko taga. Wannan ɗakin ya kamata ya dage sai an buɗe masa. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya kashe fitila ya ga irin duhun da zai kwana a ciki, ya buɗe banɗaki ya duba ko alwala za ta yiwu ba tare da ya jiƙa ko'ina ba, sannan ya auna da ƙafarsa ko tsakanin gado da bango zai ɗauki sallaya. Ya kuma tambayi abin da ke sama da ɗakin da abin da ke ƙasansa, domin wanda aka ajiye ƙarƙashin zauren rawa ko kusa da inji ba zai san daɗin barci ba. Idan kuwa jirgin da aka zagaya ba shi ne wanda za a hau ba, to, rabin abin da aka gani bai shafi mai saye ba, ko da kamfanin ɗaya ne.

Wani kuskuren shi ne a ɗauka yanayin ranar ziyara shi ne yanayin tafiya. Galibi ana yin ta ne a ranar sauya fasinjoji, bayan na jiya sun sauka, na yau ba su gama shiga ba, jirgi kuma yana ɗaure ko motsi ba ya yi. Jirgi kamar Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji fiye da 7,000, kuma layin karin kumallo a irinsa ba ya bayyana a ranar da babu kowa. Haka nan mai fama da jiri da tashin zuciya a kan ruwa ba zai gane halinsa a bakin tasha ba. Wanda wannan ce damuwarsa gara ya sayi gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu, irin wadda kamfanin jiragen ruwa na MSC ke yi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik.

Abincin rana kuma yakan shagaltar da mutane har su manta abin da ya kawo su. A wannan teburin ya dace a kira shugaban masu hidima a tambaye shi ko ana samun naman halal, da kuma kwana nawa kafin tafiya ake neman sa, tunda ba kowane jirgi ke tanadarsa ba sai an sanar. Mai tafiya da iyali ya lura ko hanyar zuwa wurin cin abinci ta ratsa ta gidan caca ko mashaya. A nan kuma za a tono kuɗaɗen da takardar talla ba ta ɗaga muryarta a kansu, wato tukwicin ma'aikata da ake lissafawa kowace rana a kan kowane mutum, kuɗin intanet, lemo, da yawon gari a duk inda aka yada zango.

Daga ƙarshen zagayen akan zaunar da baƙi a miƙo musu rangwamen da aka ce na ranar ne kaɗai. Mai fasfon Najeriya kada ya sa hannu a wurin kafin ya tabbatar da bizar da kowace ƙasa a kan hanyar ke buƙata, domin rashin guda ɗaya ya isa a hana shi hawa, kuma da wuya a mayar masa da kuɗinsa. Ya nemi a rubuta masa farashin, da wa'adin rangwamen, da ko za a cire kuɗin ziyarar daga tikiti, ya dawo Abuja da takardar ya kwatanta ta da abin da masu shirya tafiya biyu ko uku za su ba shi.