Yadda Za Ki Gyara Kazar Kasuwa Ba Tare Da Kin Kwaso Cuta Ba

'Yan'uwa mata sun sha tambayata wannan. Wasu masu kiwo na ɗura wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, har ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli da ke jikin naman su daina jin magani.

1. Duba ruwan zafin da mai figa ke tsoma kaji. In ya yi baƙi, ƙara gaba.
2. Sa a ƙulle naman a leda daban, kada ya taɓa latas da tumatir.
3. In ba yanzu za ki dafa ba, saka shi a firji kafin awa 2.
4. Wanke shi a roba, a hankali.

Hattara, nan ake yawan kuskure: kada ki sakar masa famfo. Fallatsin ruwan ne ke kai cutar kan kwanuka. Lemun tsami kuma ƙarni yake ragewa, ba ya gamawa da ƙwayoyin.

5. Zubar da ruwan nesa da inda yara ke wasa.
6. Wanke wuƙa da katako da sabulu.
7. Wanke hannu da sabulu, daƙiƙa 20.
8. Dafa har cikin naman ya kai zafin digiri 74 na Celsius. In babu ma'auni, tsaga cinya kusa da ƙashi. In da sauran jini, mayar wuta.