Yadda Za Ka Samu Nas Ta Musamman Lokacin Jinyar Ciwon Daji

Mai fama da ciwon daji yakan bi ta hannun likitoci da dama, na tiyata da na kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin daji) da na gashi (ƙona dajin da hasken na'ura), kuma kowannensu ɗan lokaci kaɗan yake da shi. Shi ya sa asibitoci da yawa suke haɗa mara lafiya da ƙwararriyar nas guda, wadda ta san tarihin ciwonsa, take halartar zaman da likitoci ke yi don tsara masa magani. A Birtaniya ƙungiyar Macmillan mai tallafa wa masu ciwon daji ta fara ɗaukar nauyin irin waɗannan ma'aikatan jinya tun 1975.

Kada ka jira sai an yi maka tayi. Tun ranar da aka sanar da kai sakamakon gwaji, ka tambayi likita ko akwai nas da aka ware wa irin ciwonka, domin galibi kowacce tana da fanninta, kamar na nono ko huhu ko hanji. Idan an ce akwai, ka nemi a rubuta maka sunanta da lambarta da lokutan aikinta, da kuma wanda ke riƙe mata aiki idan tana hutu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ciwo yakan tashi cikin dare ko a ƙarshen mako.

Ka karɓi lambar gaggawa daban. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sha, don haka idan zafin jiki ya kai digiri 38 ko kana rawar ɗari, ka kira wannan lamba nan take, kada ka bar wa nas saƙo kana jiran amsa.

A ganawar farko da nas ɗin ka tafi da wani na kusa da kai da kuma rubutattun tambayoyi. Ka faɗa mata gaskiya game da amai, gyambon baki, rashin barci, tsoro, matsin kuɗi, har da magungunan gargajiya da kake sha, domin wasunsu suna cin karo da kemo.

Idan kuwa asibitin ba shi da wannan tsari, ka roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta sashen ta ambata maka mutum ɗaya da za ka riƙa tuntuɓa, a kuma rubuta sunansa a katinka.