Kurakuran da aka fi yi wajen sassaƙa da goge dutsen zobe, da yadda ake gyara su

Dutsen da ake ɗora wa zoben azurfa, mai shimfiɗaɗɗen gindi da doro a sama, wanda ba a yanka masa fuskoki irin na daimon ba, shi ake kira kaboshon, kuma kalmar daga Faransanci ta fito. Mu da muke sassaƙa shi a nan Legas don sha'awa ba mu da yawa, kuma duk wanda ya kawo mini dutsen da ya ƙi yin sheƙi, tambayarsa ɗaya ce: wane garin gogewa zai saya? Sau da yawa garin ba shi da laifi. Aibin da ya fito a matakin ƙarshe tun a baya aka yi shi, kuma can ake komawa a gyara.

Tun daga sayen dutse ake fara kuskure. Sabon shiga yakan ji labarin tomalin na jihar Oyo, ko akwamarin na Nasarawa, ko yaƙutun tsaunin Mambila, sai ya zuba kuɗinsa a kan abin da hannunsa bai isa sarrafawa ba. Abin da ya dace da mai koyo shi ne aƙiƙ da jasfa, waɗanda taurinsu yake tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin taurin duwatsu na 1 zuwa 10 da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, domin suna da arha, suna jure matsi, kuma suna karɓar sheƙi. Ba baƙin duwatsu ba ne a wurinmu, tunda fatake Hausawa ne suka riƙa kai jan dutsen da masu sana'a a Ilori suke yin duwatsun ado na lantana da shi. Tofaz na Jos kuwa, duk da taurinsa ya kai 8, yana da layin da yake rabewa a kai, kuma bugu ɗaya ko zafi na farat ɗaya ya isa ya raba shi biyu. Kafin a biya kuɗi, a jiƙa dutsen a bar shi ya sha iska; inda tsaga take, ruwa zai daɗe bai bushe ba, ya bar siririn layi. A kuma haska shi da fitilar waya, domin ƙananan kumfa zagayayyu a ciki alama ce ta gilashi.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne goge dutse a bushe. Na sha ganin wanda ya ari injin da masu tayil suke yanka da shi, ya zauna a baranda ƙura tana tashi a fuskarsa. Aƙiƙ da jasfa da ametis duk dangin kwarz ne, kuma ƙurarsu idan ta zauna a huhu tana jawo cutar silikosis, wadda ba a warkewa daga gare ta. Malakait kuma, wannan koren dutse mai zane-zane, yana ɗauke da tagulla, kuma ƙurarsa guba ce. Gyaran shi ne ruwa ya riƙa ɗiga a kan faifan injin da ake goge dutsen da shi muddin yana juyawa, a sa tabarau na kariya, a rufe hanci da takunkumin da aka yi don ƙura, ba ƙyalle kawai ba. Ruwan yana kuma sanyaya dutsen, yana tsawaita ran faifan, wanda aka shafe da ƙwayoyin daimon.

Tunda ruwa da lantarki za su haɗu a wuri ɗaya, tilas a sa wa injin wayar ƙasa da na'urar da take yanke wuta da zarar ta zube. Wanda ya yi odar inji daga Amurka ya duba rubutun jikinsa tukuna, saboda yawancinsu na wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kuma ko an haɗa da taransifoma, motar injin da aka yi wa wuta mai zagaye 60 a daƙiƙa takan rage gudu a kan tamu mai 50.

A wajen fitar da siffa, mutane sukan zana da ido su yanka daidai kan layi. Ya fi kyau a yi amfani da ma'aunin roba mai ramuka na girman da maƙera suka saba da shi, kamar milimita 18 da 13, ko 25 da 18, ko 40 da 30, a zana a gindin fallen dutse mai kaurin kimanin milimita 6, sa'an nan a yanka a bar rata kaɗan wadda faifai zai cinye a hankali. Gefen dutsen bai kamata ya tsaya a miƙe ba. Ana karkatar da shi ciki da kamar digiri 10 zuwa 15, domin maƙerin azurfa ya sami inda zai lanƙwasa bakin zoben ya kama. Haka kuma ana ɗan kashe kaifin gindi a kewaye, in ba haka ba nan ne zai ɓantale ranar ɗaurawa, maƙeri ya sha zargin da ba nasa ba.

Maƙala dutse a sanda da kaki, don a sami abin riƙewa ana gogewa, yana da nasa sirrin. Idan dutse ya faɗi ana tsakiyar aiki, kusan kullum dalilin shi ne an ɗora kaki mai zafi a kan dutse mai sanyi, ko kuma akwai maiƙon zarto ko na yatsa a jikinsa. A wanke shi da sabulu, a busar, a ɗumama shi sannu a hankali har ɗan gutsuren kakin da aka ajiye a kansa ya fara narkewa, sa'an nan a haɗa. In an gama aiki, 'yan mintoci a cikin firiza sun isa ya saki da kansa, ba sai an sa wuƙa ba, amma ofal da tofaz ba a yi musu haka.

Doron kansa shi ne inda ake gane hannu. Mai koyo yakan sassaƙe gefe da kyau, ya bar tsakiyar saman a shimfiɗe, kuma wannan ɗan fili ba zai taɓa yin sheƙi daidai da sauran ba. Ana gina doro ne hawa-hawa daga gefe zuwa tsakiya a kan faifai mai lamba 80 (ƙaramar lamba tana nufin faifai mai kaushi, babba kuma mai laushi), sa'an nan a haɗe hawan a kan lamba 220 da hannun da ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana juya sanda yana kuma kaɗa ta. Gwajin da nake yi shi ne in tsaya ƙarƙashin ƙwan fitila guda in mirgina dutsen. Idan hasken ya zame daga gefe zuwa gefe a natse, doro ya yi. Idan ya yi tsalle ko ya baje a wani wuri, akwai fili a nan.

Yanzu ga babbar matsalar, wato karce. Kowane faifai aikinsa ɗaya ne, ya share sawun wanda ya gabace shi ya bar nasa da ya fi ƙanƙanta, daga 80 zuwa 220, zuwa 280, 600, 1,200 da 3,000. Faifan 600 ba zai iya cire ramin da 80 ya haƙa ba, ko da an kwana a kansa. Abin da yake yaudarar mutane shi ne jiƙaƙƙen dutse kullum kyakkyawa ne, ruwa yana cike karce ya ɓoye shi, kuma a damshin Legas, musamman da damina, dutse ba ya saurin bushewa da kansa. Saboda haka bayan kowane mataki a goge shi da busasshen tsumma, a jira ya bushe sarai, a duba da madubin ƙara girma. Dabarar da ta fi taimaka mini ita ce in shafe doron gaba ɗaya da baƙin alƙalamin maka kafin in koma kan faifai, domin tawadar takan maƙale a cikin duk wani rami, ta nuna inda aiki ya rage. Wanda ya ga dogon karce bayan ya kai 3,000, kada ya ƙara matsi ko ya tsawaita gogewa. Ya koma 280, ko 220 idan karcen mai zurfi ne, ya sake hawowa. Na san komawar tana da ciwo, amma mafi yawan lokacin aikin a kan 220 da 280 ya kamata ya tafi, kuma idan an cika su, sauran matakan ba sa daɗewa.

Wani lokaci kuma karcen sabo ne, ƙwayar tsakuwa ɗaya ce ta biyo farce ko kaki ko ruwan da aka sake amfani da shi, ta sauka a kan fatar gogewa. A wanke hannu da dutse da sanda tsakanin matakai, a ware wa kowane gari fatarsa, a ɗaure ta cikin leda idan an gama, musamman da hunturu, lokacin da ƙurar arewa take sauka a kan komai ɗauke da yashi mai taurin dutsen da ake gogewa. Ga dangin kwarz, garin siriyam oksaid a kan fata ko tabarmar ulu yana ba da sheƙi mai kyau, amma a dama shi ruwa-ruwa, a shafa kaɗan, a bar fatar da ɗan damshi. A riƙa taɓa dutsen da yatsa, domin zafin da ya wuce kima yana sassauta kaki, yana kuma tsaga dutse ana dab da gamawa.

Taɓon da ya taru a kwanon inji kada a zuba shi a bututun ruwa, saboda yana daskarewa ya toshe shi. A bar shi ya kwanta a bokiti, a tsiyaye ruwan, a kwashe shi tun yana da damshi. Bayan an rufe ruwa a bar faifan su juya na ɗan lokaci su bushe, a goge sandar injin a shafa mata mai, domin iskar teku ba ta ɗaukar mako guda kafin ta sa mata tsatsa.