Yadda Za Ka Sa Ido Kan Otofailot (Na'urar Tuƙa Jirgi Da Kanta) Kada Jirgi Ya Zarce Tsayinsa

Kun tashi daga filin jirgin Lawanti na Gombe, hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage ta ba ku tsayin da za ku kai.

1. Maimaita musu lambar da bakinka. A nan ake yawan rikita ƙafa 10,000 da 11,000.
2. Shigar da ita a allon otofailot, ka ɗora yatsa a kai, abokin tuƙinka ya karanto da ƙarfi. Gyaɗa kai kawai bai isa ba.
3. Da kun kai tsayin canji, wato inda ake barin matsin iskar gari a koma na bai-ɗaya, kowannenku ya saita matsin iska a ma'aunin tsayinsa zuwa 1013.
4. Saura ƙafa 1,000 a kai tsayin da aka ba ku, a faɗa, a bar hira. Ido na kan allo har jirgi ya daidaita.
5. In ya zarce, karɓe tuƙin da hannu, ka sanar da hasumiya nan take. Kaucewar ƙafa 300 ma sai an rubuta rahoto.