Kurakuran da Ake Yi Wajen Auna Ƙiba a Jikin Mace, da Yadda Za a Gyara Su

A Gombe, idan mace ta yi jiki bayan aure, dangi kan ce hankalinta ya kwanta, gidan miji ya karɓe ta. Idan kuwa ta faɗa, sai a fara tambayar ko lafiya. Da wannan idon yawancinmu muke auna ƙiba, kuma shi ne kuskuren farko, domin ido yana gwada mace ne da matan da ke kewaye da ita, ga hijabi har ƙasa da doguwar riga suna rufe abin da ya kamata a duba. Kayan gyaran ba su wuce uku ba: sikeli, bango, da tef irin na tela. Sai dai su ma ana yawan kuskure da su, har lambar da ta fito ta fi rashin awon ɓatarwa.

Na fi cin karo da dogaro ga sikeli shi kaɗai. Mace ta hau, ta ga kilo 77, ta tambaya ko ya yi yawa, alhali ba za a iya ba ta amsa ba sai an san tsawonta. Lissafin da ma'aikatan lafiya ke rubutawa a kati da haruffan BMI shi ne a raba nauyi na kilo da tsawo na mita wanda aka ninka da kansa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce, wadda ake ƙara rabawa mataki uku: 30, da 35, da 40. Mai kilo 77 da tsawon mita 1.60 za ta raba 77 da 2.56, ta sami 30.1, wato ta shiga ƙiba. Ƙawarta mai nauyi ɗaya da ita amma tsawonta mita 1.70 za ta sami 26.6, ba ta kai ba.

A wajen lissafin ma ana zamewa. Wasu sukan manta su ninka tsawon da kansa, sai su raba 77 da 1.60 su sami 48, hankali ya tashi a banza. Wasu kuma tsawonsu na ƙafa suka sani, sai su sa 5.3 a gurbin mita, alhali ƙafa biyar da inci uku santimita 160 ne. Mafi ɓoyuwa shi ne awon tsawo da takalmi a ƙafa ko da tudun ɗaurin ɗankwali a ka. Santimita uku kacal da za su ƙaru sun isa su sauko da waccan lamba daga 30.1 zuwa 29, mace ta tafi gida da tabbacin cewa ba ta shiga ƙiba ba. Gyaran shi ne ta cire takalmi, ta kwance ɗaurin da ya yi tudu, ta jingina dunduniya da mazaunai da kafaɗu a bango, ta dubi gaba, a ɗora abu mai shafi a tsakiyar kanta a yi alama. Sikelin kuwa a ajiye shi a daɓen siminti, ba a kan yashi ko darduma ba, a tabbatar allurarsa tana kan sifiri, a hau da safe kafin kari da tufafi marasa nauyi. Sikelin da yara ke yawo da shi a kasuwa yana da amfani wajen ƙiyasi, amma kada a gwada lambarsa ta yau da ta asibiti ta watan jiya a ce an ƙaru ko an ragu.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne barin awon ciki, domin lissafin nauyi da tsawo bai san inda kitse ya taru ba. Kitsen cinya da mazaunai daban yake da wanda ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanta da hanji, kuma wannan na biyun shi ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Wata dattijuwa da na taɓa aunawa ta miƙo mini hannuwanta tana cewa, “'Yata, dubi hannuna, ina ƙiba a nan?” Gaskiyarta ne a wannan fannin, domin nauyinta kilo 62 ne, tsawonta mita 1.58, lissafinta 24.8. Na ce, “Mama, ki yi haƙuri ki ɗan sassauta zanin.” Tef ya nuna santimita 93. Ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a Jeniba a shekarar 2008 sun tattaro cewa haɗari yana ƙaruwa ga mace idan kewayen cikinta ya haura santimita 80, yana kuma ƙaruwa sosai idan ya haura 88. Irin wannan sura ta siraran gaɓoɓi da teɓa ta fi yawa bayan ɗaukewar jinin al'ada, lokacin da kitse ke ƙaura daga cinyoyi zuwa ciki.

A nan harshenmu da kansa yana taimaka wa kuskure. Idan aka ce wa Bahaushiya ta auna ƙugunta, hannunta zai tafi maɗaurin zani, wata ma ta sauka har kwankwaso, domin duk wurin ƙugu muke ce masa. Tela kuma yana auna inda siket zai zauna, gwargwadon ɗinkin da ake so, saboda haka lambar da ke littafinsa ba ta wannan aikin ba ce. Wurin da ake nufi yana tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a gefen jiki, kuma sai an lalubo ƙasusuwan biyu da yatsa. Cibiya ba abin dogaro ba ce, domin ga wadda ta haihu da yawa ko mai babbar teɓa takan sauka ƙasa. A tsaya a miƙe, a cire bel ɗin matse ciki, a zagaya tef a kan fata ko siririyar riga, ya daidaita gaba da baya ba tare da ya nutse a jiki ba, sannan a karanta bayan an fitar da numfashi yadda aka saba. Kusan kowace mace takan shanye ciki da zarar tef ya taɓa ta, ba da niyya ba, shi ya sa nake jan ta da hira kafin in karanta. A auna sau biyu, idan bambancin ya wuce santimita ɗaya a sake.

Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma telolinmu da inci suke aiki. Wadda ta ga 36 ta gwada da 80 za ta ɗauka tana da sauran tafiya mai nisa, alhali inci 36 ya haura santimita 91. Santimita 80 inci 31 da rabi ne, 88 kuma kusan inci 35. Kada kuma a ari lambobin maza, waɗanda suke 94 da 102.

Mata masu faɗin ƙasa sukan ce nauyinsu duk na mazaunai ne, wani lokaci kuma da gaskiyarsu. Abin da ke warware gardamar shi ne a raba awon ciki da awon wurin da mazaunai suka fi faɗi: 84 a kan 105 yana ba da 0.80, wanda yake ƙasa da iyakar mata ta 0.85, amma 90 a kan 100 yana ba da 0.90. Wadda ba ta son lissafi ta yanki zare daidai tsawonta, ta ninka shi biyu, ta zagaya cikinta da shi. Idan bakunan ba su haɗu ba, kewayen cikin ya wuce rabin tsawonta, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a shekarar 2022 cewa kada ya kai hakan.

Akwai masu ɗaukar waɗannan lambobi kamar katanga, su ce 29.9 lafiya, 30 ciwo. Haɗarin hawa yake yi a hankali, kuma yawancin lambobin daga binciken da aka yi a kan Turawa aka samo su. Asalin lissafin BMI ma na wani masanin lissafi ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19. Ita waccan hukuma ta Ingila tana amfani da 23 da 27.5 a gurbin 25 da 30 ga mutanen da asalinsu Afirka ko Asiya ne, saboda ciwon suga yakan same su a nauyin da bai kai na Turawa ba. A ganina, macen da lissafinta ya kai 27 kuma cikinta ya haura 80 ba ta da dalilin jiran 30 kafin ta je a gwada mata suga da hawan jini, balle idan akwai ciwon a gidansu.

Ba kowace mace ake karanta wa waɗannan lambobi ba. Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da su, nauyinta na kafin ciki ake dubawa, mai jego kuma a ba ta watanni jikinta ya koma. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, ko da an yi mata aure, jadawalin shekaru ake duba mata. Cikin da ya girma alhali sauran jiki bai canza ba, musamman idan akwai yawan zubar jini ko tauri a mara, yana iya zama ƙari a mahaifa, kamar yadda kumburin ƙafa da hawan nauyi cikin 'yan kwanaki ke iya zama ruwa daga ciwon ƙoda ko zuciya; waɗannan hoton ciki da gwaji suke bukata, kuma ana yin su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Gombe. Wadda ta sha ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke kumbura fuska su tara kitse a ciki su kuma ɗaga suga, ta gaya wa likita sunan abin da ta sha da tsawon lokacin da ta yi tana sha, kuma kada ta yanke shi rana ɗaya ba da saninsa ba.